Kayan fanfar da aka samu a magazar lakwal: a tada kiɗan ko a bar shi?

Salifu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga maganar da aka ce in kawo nan, tunda ba kowa ya samu zuwa taron Lahadi ba. Ana gyaran rufin tsohuwar magazar lakwal ta garinmu, wato ɗakin ajiyar kayan makarantar boko, masu aiki suka janye wasu buhunan siminti da suka daskare, sai ga kayan fanfar, wato kiɗan ƙahonin ƙarfe da ganguna irin na soja, a bayansu. Bigila huɗu, torompet uku, torombon ɗaya da ya lanƙwashe, babban ƙahon nan da ake rungumewa, da ganguna biyu da fatarsu ta riga ta tafi. Matasan gida sun ce a tada kiɗan. Wasu manya sun ce a sayar wa masu awon ƙarfe a sa kuɗin cikin rufin. An ce mu da ke nan Tawa da sauran ƴan gari na nesa mu ba da shawara, don an san a ƙarshe aljihunmu za a taɓa. Bismilla.

Alhaji Mamman Abijan: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin dogon zance ba. A yi lissafin abin da ake bukata, in sa a kawo sababbi daga Sin. Tsofaffin a ba masu ƙarfe.

Mushe Idi: Alhaji, dakata tukuna. Ɗaya daga bigilolin nan da bakina na busa ta ina yaro, don haka ku bari in faɗa ma yara yadda abin ya faro, kada a saida tarihi da kilo.

Bigila ba lakwal ta kawo ta ba, soja sunka kawo ta. Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar sojan baƙar fata a Senegal, kuma duk inda sunka kafa bariki da bigila aka tada su da asuba, da ita aka ɗaga tuta, da ita aka kiran abinci. Mutanenmu da anka kwasa yaƙin duniya na biyu, da na Indoshin, da na Aljeriya, wasunsu sun komo da wannan sana'a a baki. Wanda ya koya muna ɗaya daga cikinsu na, Allah shi jiƙan shi. Bai iya karanta baƙi ko guda ba, balle rubutun kiɗa. Rerawa shika yi da baki, mu kwaikwaya. Kuma ba a ba ka ƙaho ranar farko. Ɗan bakin busar nan kaɗai za a ba ka, ka yi ta kaɗa leɓe cikinsa har iyayenka su gaji da kai. In hunturu ya shigo leɓe ya tsage, sai ya ciro ɗan gwangwanin man kaɗe daga aljihu ya lakata ma kowa. Ƙarƙashin dogon yaron bayan kalas munka yi wannan duka, da marece bayan an tashi.

Torompet da babban ƙahon daga baya sunka zo, zamanin shugaban ƙasa Seyni Kunce. Ya hau mulki 15 ga Afrilun 1974, ya tada Samariya, wato ƙungiyar matasa ta ƙasa, anka shiga gasar matasa tsakanin jihohi, kowane gari shina son a ji sunansa. Lokacin ne munka zama fanfar ta sosai, da kaki da hula. Ranar 3 ga Agusta mu raka masu dashen itace, ranar 18 ga Disamba mu ja difile, wato maci, daga lakwal har ƙofar sarki.

Hadiza: Baba Mushe, to me ya kashe ta? Mu dai mun taso ba mu taɓa jin ta ba, sai labari wajen Inna.

Mushe Idi: Ɗiyata, ba abu guda ba na. Kunce ya rasu 1987. Anka yi babban taron ƙasa 1991, Samariya ta watse, jam'iyyu sunka shigo. Kowace jam'iyya tana son mu busa ma taronta, mai babbar ganga shina wannan ɓangare, masu torompet suna wancan, har gaisuwa ta yi wuya. Janairun 1994 anka karya darajar sefa da rabi, ɗan man da aka ɗiga ma fisto, wato maɓallan torompet da aka dannawa, da sauran ƙananan kayan da ka zuwa daga waje sunka fi ƙarfinmu. Samarin kuma kin san Adar, da an cire amfanin gona sai Abijan. Ka sha wahalar koya ma yaro, ranar da bakinsa ya nuna ranar za ya hau mota.

Alhaji Mamman Abijan: Mushe, da mu kake ke nan. To da ba mu hau motar ba, wa zai aiko da kuɗin rufin?

Hajiya Rabi: Mushe ya faɗi nasa, amma akwai wanda ya tsallake, ni kuwa zan faɗe shi don ina cikin ƴan matan da ake jerawa bakin hanya muna tafi. Fanfar ɗin nan ba tamu ba ce. Ta baƙi ce. In an ce perefe, wato shugaban gunduma, na zuwa ko minista, tun hantsi za a fito da yara a jera su cikin rana, babu ruwa babu inuwa, baƙo bai iso ba sai bayan azahar. Ya sauko a mota, a busa masa na minti biyar, ya shige inuwa ya ci nama, a maida ƙahoni magaza a kulle. Ku gaya mini sunan wa aka taɓa busa wa a garin nan? Bukin wa? Wane manomi aka raka da ita ranar da ya ɗaure damin da ya fi na kowa? Yayana ya yi shekaru yana dukan babbar gangar nan, ranar aurensa masu kalangu aka kira, don an ce kayan gwamnati ba a fita da su. Abin da ba naka ba, ranar da ya mutu ba ka zaman makoki. Shi ya sa aka kulle magaza, makulli ya bi wani cikin aljihu da aka canza masa wurin aiki, kuma ba wanda ya tashi ya tambaya.

In za a tada ta don a riƙa tarbar manya, ni ko dala ba zan sa ba.

Mushe Idi: Hajiya, ban musa ba. Na tsaya cikin wannan ranar.

Ibro: Ni tambayata daban ce, a gafarce ni. A gidanmu mun san ƙahon ƙarfe na sarauta ne. Kakaki ba a busa wa kowa shi, komai kuɗinsa. Yanzu in aka ce yara su riƙa yawo da ƙahoni gidan suna da gidan buki kamar yadda Hajiya ke so, ba a taka wa fada ƙafa ba? Kada mu gyara nan mu ɓata can.

Baba Sarje: Salamu alaikum. Yarona ne ya nuna mini wannan zance, ni ina Yamai, kuma a kiɗan soja na ƙare aikina, don haka bari in sa baki.

Ibro, hankalinka ya kwanta. Kakaki dabam, waɗannan dabam. Kakaki miƙaƙƙe ne, ya fi mutum tsawo nesa, muryoyinsa ba su da yawa, kuma ba waƙa yake yi ba, kirari yake yi wa mai sarauta. Tarihin Kano ya ce tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa shi a can. Ba mai hankalin da zai ji torompet ya ce an busa wa wani kakaki. Abin da ya dace kawai, ranar fitar farko a fara da ƙofar sarki a yi gaisuwa, kuma in masu kakaki da algaita suna aiki, fanfar ta yi shiru har su gama. Haka muke yi ko a bikin gwamnati.

Sai maganar Alhaji. Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma kada ka sayi komai yanzu. Na ga hotunan da Salifu ya sa. Tagullar kayan nan mai kauri ce. Sababbin masu arha da ake kawowa suna da ƙyalli, amma da yawansu fisto ke fara maƙalewa, kuma da ƙurar Tawa ba za su yi ƙarko ba. Tsohon ƙaho in bai ruɓe ba gyaruwa yake.

Ga yadda abin yake, don matasa su gane. Bigila bututu ne kawai da aka naɗe, ba ta da fisto, murya wajen biyar take bayarwa, duk da leɓe da iska ake nemo su. Shi ya sa da ita ake fara koyo, kuma shi ya sa ba ta cika lalacewa ba. Torompet in ka warware ta, ta kusa mita ɗaya da rabi. Fistonta uku, kowane ka danna yana buɗe wa iska ƙarin hanya, bututun ya ƙara tsawo, murya ta sauka. Da ukun nan ake samun duk muryoyin da bigila ta rasa. To a nan ne gyara ke da hatsari. Kowane fisto da lambarsa, 1, 2, 3, da ramukansa. In ka musanya su, ko ka sa ɗaya a karkace, ka busa har idonka ya yi ja iska ba za ta wuce ba, sai ka ce ƙaho ya mutu alhali lafiyarsa lau.

Lawali Mai Radiyeta: Baba Sarje, ranka ya daɗe. Ni aikina ke nan, liƙin tagulla da dalma, radiyetar manyan motoci nake yi a nan Tawa. In fashewa ce ko inda haɗi ya saki, a kawo mini, ba zan karɓi ko sisi ba. Mahaifina yana cikin masu bigilar nan.

Baba Sarje: Madalla da ɗan halak. Kai nake nema, ba mai walda ba. Wutar walda tana huda ƙaho nan take. Dalma da ƙaramar wuta, kuma ka cire fisto da duk wani abin toshiya da ƙyalle kafin ka kusa da wuta. Sauran sharuɗɗan ka rubuta su ka manna a bango. Bakin busa in ya maƙale kada a sa masa filaya, murɗawa ɗaya za ta karya wuyan ƙahon. Wanki da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu, ban da tafasasshe. Kada a ɗiga wa fisto man gyaɗa ko baƙin man mota, na ga an yi, yana kama ƙura ya daskare. Mansa na musamman ne, siriri, shi ne abin da Alhaji zai aiko mana daga Abijan tare da sababbin bakunan busa. Torombon ɗin kuwa a bar shi gefe. Sandunansa biyu dole su miƙe daidai da juna, in sun kauce ko kaɗan ba ya zamewa, wannan sai an kawo shi Yamai.

Alhaji Mamman Abijan: Wato ni da na ce zan sayi fanfar sukutum an maida ni mai sayen kwalbar mai. To na ji. Amma ku saurara, ni na ga abin da Hajiya ke faɗi da idona. A Kwatano da Porto-Novo ƴan fanfar ba sa jiran minista. Buki suna nan, rakiyar gawa ta Kiristoci suna nan, kuma kiɗan gargajiyarsu suke zubawa cikin ƙahonin, ba na Turawa ba. Da abin suke ci da iyalinsu. Me zai hana namu?

Malam Sani: Assalamu alaikum. An yi ta magana ba a taɓo inda iyaye za su tsaya ba. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan sananne ne, kuma ba zan mai da wurin nan zauren fatawa ba. Ni dai ɗana ba zai shiga ba, kuma ba zan hana ɗan wani ba. Amma in ana son gari ya karɓa, a kiyaye abu uku. Kada koyo ya ci lokacin makarantar allo da islamiyya. In an kira salla a ajiye ƙaho. Na ukun shi ya fi damuna da zancen Alhaji: da zarar yaro ya tsaya ƙofar mai kuɗi yana busa ana liƙa masa jikka a goshi, sunansa ya zama maroƙi, kuma kun san garinmu, gobe in ya je neman aure za a tuna masa.

Hajiya Rabi: Malam, biyun farko na yarda. Na ukun kuwa a yi hattara da baki. Makaɗan garin nan mutanenmu ne, tare muka tashi, su ne suka riƙe mana tarihin kakanni da babu shi a takarda. Ɗan Gurmu da kiɗansa ya yi suna, yau gasar kiɗa ta ƙasa sunansa take ɗauke da shi, kuma nan Tawa ake alfahari da shi. Ba a ce yara su yi roƙo ba. Mai buki ya biya kuɗi sananne cikin asusu, a ba shi takarda, ba liƙi ba kirari. Wanda ba shi da shi a busa masa kyauta, ai ɗan gari ne.

Malam Sani: In an tsaya a kan ba liƙi, na rage rabin damuwata. Sai dai na san hannun Alhazawanmu, ba ya jin doka in ganga ta yi daɗi.

Hadiza: Tunda ana sharuɗɗa, ga nawa. A sa ƴan mata. Lokacin Tawa Sakola, bukin 18 ga Disamba da aka yi a Tawa a 2017, ina bakin hanya ranar difile, na ga mata cikin kaki suna maci, ba wanda ya ce sama ta faɗo. Kuma ku duba abin da Baba Mushe ya ce: samari ne ke tafiya Abijan. Mu ne muke zama. In ana son abin ya daɗe, a koya wa waɗanda ba sa hawa mota bayan kaka.

Ibro: Ƙanwata, ku ma ai aure ke ɗauke ku.

Hadiza: Yaya Ibro, aure yana kai mace unguwa ta gaba ko ƙauyen kusa. Abijan kwana nawa ce a mota?

Malam Sani: Wannan kam ba zan goyi baya ba, kuma na san iyaye da yawa ba za su goya ba.

Hajiya Rabi: Jikata tana aji biyar. In ubanta ya yarda, ni zan kai ta da kaina in zauna kan tabarma har a tashi. Wanda bai so kada ya kawo tasa.

Baba Sarje: Ni wanda aka kawo mini zan koya wa, leɓe bai san mace ko namiji ba. Amma ku san abin da kuke nema. Kayan nan ko duk sun gyaru, ba su ne fanfar ba. Mai koyarwa ne fanfar, da wanda zai gaje shi. Zan iya zuwa in zauna lokacin hutun lakwal in Allah ya ba da lafiya, amma na tsufa, kuma tsakanin Yamai da Tawa ya haura kilomita 500. Ku nemo mutum biyu manya masu zama a gari, mai shago ko tela ko malamin da ɗan gari ne ba wanda za a canza wa wuri ba, su nake so in fi ba ƙarfi. In an samu hali a tura ɗaya cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da ke nan Yamai, wadda aka buɗe tun 1989, ya koyi karanta rubutun kiɗa. Abin da Mushe ya koya da kunne yana da kyau, amma kunne yana bin mai shi kabari.

Wani abu kuma, Mushe, kada ka ji haushi. Taken ƙasar da ke bakinku tun 1961 an canza shi a 2023. Ku tsofaffi ma sai kun koma ɗalibai.

Mushe Idi: Sarje, haƙoran gaba ma sun tahi, da mi za ni busa? Ni dai in riƙe ma yara lokaci da sanda. Amma akwai kiɗan difile biyu da tsohon nan ya koya muna, har yau suna kaina daram. Salifu, in ka zo gida ka kawo wayarka in rera ka ɗauka, ka aika ma Sarje shi rubuta.

Alhaji Mamman Abijan: Ni kuma ina roƙon kada a tsaya kan na difile. A ɗauko waƙoƙin da mata ke yi wajen daka, da na ƴan kokowa, a gwada su cikin torompet. Ranar da na ji wannan a waya daga Abijan, to ku faɗi ko nawa ne.

Baba Sarje: Zai yiwu, kuma ya fi sauƙi ga yara, don waƙar tana kansu tun suna goye. Sai dai a nemi izinin makaɗan gari a sa su ciki. Su za su ɗaura wa gangunan nan sabuwar fata, kuma mai kalangu ɗaya a tsakiyar fanfar ya fi mai babbar ganga uku riƙe lokaci.

Salifu: To alhamdu lillahi, ga abin da na tsinta. Ba za a sayar ba. Lawali zai karɓi bigila huɗu da torompet uku, za a sako su cikin motar kasuwa ranar Lahadi, kowanne a naɗe da tsumma, kada a ɗora musu buhu. Torombon ya jira mai zuwa Yamai. Alhaji, mai da bakunan busa. Ibro, kai za ka kai maganar fada tunda gidanku ne. Zancen ƴan mata ba a daidaita ba, an bar wa kowane uba. Saura inda za a ajiye kayan, don magazar lakwal dai Hajiya ta riga ta yi mata hukunci.

Ibro: A kai fada mana, can ba abin da zai ɓata.

Hajiya Rabi: A'a Ibro. In suka shiga fada sun zama na fada, yaron talaka ba zai iya zuwa ya ce a buɗe masa ba. Akwai ɗaki a zauren gidanmu na gado da ba kowa ciki, yana da ƙofar ƙarfe. Kwaɗo biyu za a sa. Makulli ɗaya wajen wanda Sarje zai koya wa, ɗaya wajen mace, kuma a rubuta sunayensu a karanta wa mutane a dandali ranar kasuwa.

Malam Sani: Zauren naku bango ɗaya ne da masallacin unguwa, Hajiya.

Hajiya Rabi: Ajiya na ce, Malam, ban ce busa ba. Busa a koma bayan gari wajen filin ƙwallo. Salifu, rubuta ni jikka ashirin na kuɗin motar Sarje, kuma ka bi sauran ƴan Tawa gida-gida, don na san su, a nan kowa cewa zai yi madalla ya kashe waya.

Lawali Mai Radiyeta: Yaya Salifu, ka ce wa direban ya kira ni in ya shigo tasha, kada ya ba yaran kaya su kawo. Baba Sarje, zan fara da bigila ɗaya in turo maka hoto kafin in taɓa sauran.